Neman shawara: wace manhaja zan ɗora wa gajerun kwasakwasan sana'a na manya?

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ina neman shawara daga waɗanda suka taɓa yin wannan aikin da hannunsu.

Mu uku ne muke da wata 'yar cibiyar koyar da sana'a, duk ɗalibanmu manya ne, akwai ma'aikata akwai masu ƙananan kasuwanci akwai matan aure, wasu ma sun girme ni nesa ba kusa ba. Ni ina koyar da yadda ake ajiye lissafin kasuwanci da Excel, kwas na sati 6, abokin aikina ɗaya gyaran waya yake koyarwa, ɗayan kuma haɗa wutar sola. Tun da muka fara, duk abin da ba a cikin aji aka yi ba a guruf ɗin WhatsApp muke yinsa, kuma gaskiya da farko ya yi mana rana, amma yanzu abin ya fi ƙarfina. In na tura darasi da safe kafin dare ya nutse a ƙarƙashin gaisuwa da mun gode malama da tambayoyi, wanda ya shigo a sati na biyu sai ya biyo ni ta gefe wai in sake turo masa darasin farko, aikin gida kuma kowa ta inda ya ga dama yake turowa, wani a guruf wani ta lambata, wani hoton allon kwamfuta ne ya ɗauka da waya ko lambobin ba ka iya karantawa, wayata ta cika har sai da na dinga goge bidiyoyi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ban san wa ke biye da ni ba, ban san wa ya zube ba. Sai ranar ƙarshe mutum ya zo neman satifiket in duba in ga tun sati na uku rabon da in ji ɗuriyarsa.

Wani ya ce mini abin da muke buƙata shi ne manhajar tafiyar da karatu, irin wadda ake ce wa LMS, ya lissafo mini Moodle da Google Classroom da Canvas da wasu da ban riƙe sunansu ba. Na ɗan leƙa kaina ya ɗaure. Wacce ce ta fi dacewa da ƙaramin wuri irin namu da ba mu da ma'aikacin kwamfuta? Yawancin ɗaliban waya kawai gare su, data kuma a lissafe suke shan ta, wasu imel ɗin ma wani ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, kalmar sirrin ba su san ta ba. Sannan sana'ar hannu irin gyaran waya tana yiwuwa ta wannan hanyar kuwa, ko dai kanmu za mu yaudara? Wallahi ba na son mu karɓi kuɗin mutane mu miƙa musu takarda alhali hannunsu bai iya komai ba. Na gode.

Ɗan_Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Wannan shi ne aikina, girka irin waɗannan manhajojin da kula da su, to bari in faɗa miki yadda na gan su.

Moodle wani ɗan Ostareliya ne mai suna Martin Dougiamas ya ƙirƙiro ta, ta fito a 2002, kuma kyauta ce kowa zai iya ɗauka ya girka har ya yi mata gyara. Sai dai ki lura, manhajar ce kyauta, wurin zamanta ba kyauta ba ne. Tana buƙatar sabar, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a intanet, sai kun kama haya, sai an dinga sabunta ta, sai an dinga kwafe bayanan ana ajiyewa a wani wurin saboda tsaro, akwai kuma wani ɗan aiki na bayan fage da ake ce wa cron wanda ya kamata ya dinga tashi kowane minti, in bai tashi ba saƙon imel ba zai fita ba, sanarwa ba za ta je ba, wasu abubuwan da ɗalibi ya kammala ma ba za su nuna ya kammala ba. Na sha zuwa wurin da ake ta kuka wai manhaja ta lalace, in duba in ga wannan ne kawai wanda ya girka bai saita ba. In ba ku da mai yi muku wannan, akwai MoodleCloud, su ke riƙe sabar ɗin ku kuna biya a shekara, illarta dai ba ki da 'yancin ƙara duk abin da kika ga dama kamar in taki ce.

Abin da zai burge ki a cikinta shi ne daidai matsalar da kika faɗa. Kowane darasi kina iya sa masa sharaɗin kammalawa, misali sai an buɗe shi, ko sai an ci maki kaza a 'yar jarrabawa, ko sai an turo aiki, sannan akwai shafi guda da zai jero miki sunayen ɗalibai a gefe darussa a sama, ki ga wa ya yi wa bai yi ba, a kallo ɗaya kin san wanda ya tsaya a sati na biyu. Kina iya kulle darasi na 4 har sai mutum ya gama na 3. Aikin gida yana da ƙofarsa guda, kowa ta nan zai shigo da nasa da kwanan wata da lokaci, ki ba da maki ki rubuta gyara ko ki naɗa da murya. In kun gama da rukuni ɗaya ki kwafe kwas ɗin gaba ɗaya ba tare da ɗaliban ba ki buɗe wa sabon rukuni, ba sai kin sake tura komai ba. Tana da manhajar waya kuma, ɗalibi zai iya sauke darussa lokacin da yake da sabis mai kyau ya karanta daga baya ba data, in ya dawo intanet abin da ya yi ya hau da kansa.

Maganar imel, kar ki bar su su yi rajista da kansu, nan ne ake asarar mutane tun kafin a fara, saƙon tabbatarwa ya tafi akwatin da ba su iya buɗewa shikenan. Ki jera sunayensu a Excel, tunda ma fanninki ne, ki ajiye shi a matsayin CSV, wato wani nau'in fayil na jerin bayanai da Excel ke iya fitarwa, ki ɗora, a take za ta buɗe wa kowa akawun. Sunan shiga ki sa abin da ba za su manta ba kamar lambar wayarsu.

Google Classroom kuma ta fito a 2014, ta fi sauƙi nesa, cikin awa ɗaya kin buɗe aji kin ba su lambar shiga, ba sabar ba wahala. Amma dole kowa ya iya shiga akawun ɗinsa na Google, ba ta kulle darasi sai an gama na baya, ba ta fitar da satifiket da kanta, kuma sararin kyauta da Google ke bayarwa GB 15 ne tsakanin Gmail da Drive da hotuna, in bidiyo ne aikin gidan zai cika da wuri. Canvas tana da kyau amma an fi gina ta don makarantu da jami'o'i. Open edX, wadda ta samo asali daga edX, dandalin karatu ta intanet da jami'o'in Harvard da MIT suka kafa a 2012, wannan ki ƙyale ta, ta dubban ɗalibai ce, nauyinta ya fi ƙarfin mutum uku. In wani ya zo yana miki maganar SCORM, ƙa'ida ce kawai ta naɗe darasi a ƙunshi ɗaya don ya yi aiki a manhajoji daban-daban, sai in za ku sayi darussan da wasu suka riga suka haɗa ne za ta dame ku.

Sai data. Lissafin a fili yake, bidiyon minti 10 in aka matse shi ya koma megabit 1 a sakan zai kai kamar MB 75, murya zalla ta minti 10 a kilobit 64 ba ta kai MB 5 ba. Don haka duk abin da ba sai an gani da ido ba ki yi shi da murya da hoto ko 'yar takardar PDF. Wanda dole sai bidiyo ki matse shi da manhajar HandBrake, kyauta ce. Ki kuma sani in a YouTube kika ajiye bidiyon kika jawo shi cikin darasi kin huta da cika sabar, amma ba zai sauka tare da darasin ba, sai da data za a kalle shi. Ni dai da ni ne Moodle zan ɗauka.

Tsohon_Malami ya rubuta:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na daɗe ina koyar da manya, tun ana yi da allo da alli har aka zo wannan zamanin, kuma abin da ɗana na sama ya faɗa miki game da manhajojin daidai ne ba ni da abin ƙarawa. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne jimlarki ta ƙarshe, ta takarda da hannun da bai iya komai ba, domin a nan maganar take.

Wancan shafin da yake nuna miki wa ya kammala wa bai kammala ba yana da amfani ƙwarai, amma ki san me yake aunawa. In sharaɗin da kika sa shi ne a buɗe darasi, to abin da ya gaya miki shi ne mutum ya danna, bai gaya miki ya kalla ba balle ya gane. Na ga mutanen da suka cika layinsu tsaf da alamar kammalawa, aka ajiye su gaban aikin suka kasa ko farawa. Saboda haka tun ran gini tun ran zane, kafin ki buɗe kowace manhaja ki ɗauki biro da takarda ki rubuta abu ɗaya, ranar da kwas ya ƙare me wannan mutumin zai iya yi da hannunsa ba tare da kina tsaye a kansa ba. A naki, wataƙila ya ɗauki cinikinsa da kashe-kashensa na wata guda ya shigar, ya fitar da riba ko faɗuwa, ya san wa ke binsa bashi wa yake bi. To wannan shi ne jarrabawar ƙarshe, daga nan sai ki dawo da baya ki yanka shi gida 6, kowane sati ya ƙare da ɗan aikin da yake guntun wancan babban ne. Duk darasin da bai taimaka wa wannan aikin ba ki cire shi ko da kina sonsa, tarihin Excel da sunan kowane maɓalli ba shi ya kawo su ba.

Babba ba yaro ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Malcolm Knowles, ya shahara da bayani a kan haka, cewa babba yana son sanin dalilin abin da ake koya masa kafin ya ba da lokacinsa, yana zuwa da gogewarsa ta rayuwa, kuma matsalar da ke gabansa ce take jawo shi karatu ba jarrabawa ba. Mu kuma da ma mun san gemu ba ya hana ilimi, abin da ke hanawa shi ne rashin lokaci da jin nauyin a ga gazawarka gaban na ƙasa da kai. Don haka ki sa su yi aikin da lissafin kasuwancinsu na gaske, in suna jin kunyar a ga sirrinsu su canza lambobin, amma kayan da suke sayarwa su zama nasu. Mutumin da ya gano a sati na biyu cewa wani kaya da yake ta sarowa ba riba yake kawo masa ba, wannan ba sai kin roƙe shi ya dawo sati na uku ba.

Game da tsawon bidiyo akwai binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, sun duba kallon bidiyo kusan miliyan 7 a dandalin edX, suka ga galibi kallon mutane ba ya wuce wajen minti 6 komai tsawon bidiyon. Ke nan in kika naɗi laccar minti 40 kika ɗora, kin wahalar da kanki kin cinye musu data. Abu ɗaya a bidiyo ɗaya, a nuna, a tsaya, a ce yanzu kai ma yi.

Wani binciken kuma da ya fito a mujallar Science a 2019, na Justin Reich da abokin aikinsa, a kan buɗaɗɗun kwasakwasan Harvard da MIT na intanet, ya nuna a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala. Waɗannan fa manyan jami'o'i ne da ƙwararrun malamai da manhaja mai ƙarfi. Gaskiya ne da yawa a cikinsu leƙe kawai suka yi tunda shiga kyauta ce, ba daidai ba ne da ɗalibanki da suka biya, amma duk da haka akwai abin lura, karatun da aka bar mutum shi kaɗai, ba ranar farawa ba ranar gamawa ba wanda zai neme shi in ya ɓace, zubewa ake yi. Ke abin da kike da shi wanda su ba su da shi shi ne kin san ɗalibanki da sunansu. Ki fara da su rana ɗaya a rukuni, ki sa ranar miƙa aiki, ki mayar da gyara cikin kwana 2 tun abin yana da zafi a ransu, sannan duk ƙarshen sati ki buɗe wancan shafin, wanda kika ga bai motsa ba ki kira shi a waya. Kira nake nufi, da muryarki, ba saƙon da manhaja ke turawa kowa da kowa ba.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Baba na gode Allah ya ƙara girma, Ɗan_Kwamfuta kai ma na gode sosai. Baba wallahi ka taɓo ni, bidiyoyina na yanzu akwai mai minti 35, kuma sati na farko gaba ɗaya bayanin maɓallai nake yi, inaga shi ya sa tun nan wasu ke sanyi. Amma abu biyu, in kowa zai turo aiki duk sati in duba cikin kwana 2 ni kaɗai anya zan iya kuwa in sun yi yawa? Sannan har yanzu ba wanda ya ce komai kan gyaran waya da sola, abokan aikina na nan suna jira su ji, ɗaya ma cewa yake shi bai yarda da abin ba sam.

Ɗalibar_Dare ta rubuta:

Malama ni ba malama ba ce, ɗaliba ce, amma bari in sa baki tunda mu ake magana a kai. Ina aiki da rana ga yara, lokacin da nake da shi na kaina sai bayan kowa ya kwanta, na shiga kwas biyu ta irin wannan manhajar, ɗaya na bari a hanya ɗaya na gama, kuma ba don na biyun ya fi sauƙi ba, ya ma fi wuya.

Na farkon ranar farko kawai ta isa ta karya mini gwiwa, kalmar sirri wai sai da babban baƙi da ƙarami da lamba da wata alama, na haɗa na manta, na nemi a sake turo mini saƙon bai zo ba, sai da na kwana uku kafin na shiga, da na shiga kuma na tarar da abubuwa sun fi ashirin a shafi ɗaya ban san ta ina zan fara ba, a waya kuwa sai ja kake kana ja. Na yi tambaya a wurin tattaunawa ba wanda ya amsa, ga sunana a rubuce kowa na gani, sai na ji kamar ni kaɗai ce ban gane ba, daga nan ban ƙara tambaya ba. Da yarona ya yi rashin lafiya na rasa sati ɗaya, na dawo na ga an yi nisa, kawai sai na daina buɗewa. Ba wanda ya neme ni, har yau ban jin sun san na tafi.

Na biyun ranar farko tara mu aka yi, kowa ya fito da wayarsa aka sauke manhajar tare, aka shiga tare, aka sa kowa ya tura gwajin aiki ɗaya a wurin, hoton komai ma, don dai hannu ya saba da inda ake dannawa. Wannan zaman shi ya cire mini tsoro. Kowane sati abu uku ko huɗu ne kawai a buɗe, an rubuta minti nawa kowanne zai ci, sai in san ko zan iya gamawa kafin barci ya ɗauke ni. Kuma ba su rufe guruf ɗin WhatsApp ba, nan ake tunatarwa da linkin darasin sati, saboda gaskiya ba wanda ke tashi da safe ya buɗe manhajar karatu amma WhatsApp kowa na buɗewa. Da na makara da aiki malamar ta kira ni ta ce lafiya, ta ƙara mini kwana biyu, abin bai fi minti ɗaya ba amma shi ya riƙe ni. Gyaran da take mini da murya take naɗowa, in ji ta ambaci sunana ta ce nan kin yi daidai nan kuma duba layi na kaza.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, Excel a waya akwai takura, allon ƙarami ne, jan dabarar lissafi, wato formula, daga layi zuwa layi da yatsa sai an sha fama. In da waya za su yi to ki naɗi darasin a waya yadda za su gani a tasu, kar ki nuna a kwamfuta su zo suna neman maɓallin da babu shi a wurinsu.

Mai_Sola ya rubuta:

Malama ki gaya wa abokin aikinki yana da gaskiya rabi. Ni sola nake koyarwa kuma ina amfani da manhajar, amma duk wanda ya ce miki za a koyi riƙe ƙarfen narka dalma ko ɗaure wayar wuta a kan batir ta kallon bidiyo kawai to bai taɓa yi ba. Hannu sai ya taɓa, sai ya ɓata wasu kafin ya gyara, ga kuma haɗari, batir in aka haɗe ƙafafunsa biyu da ƙarfe yana iya tayar da gobara, batirin waya ma in aka huda shi wajen ɓamɓarewa yana kamawa da wuta, irin wannan ba a barin sabon shiga ya gwada shi kaɗai a ɗaki.

Yadda nake yi na raba kwas ɗin biyu. Duk abin da kai ne ke yinsa ya tafi manhaja, lissafin lodi, bambancin haɗa fanel a jere da haɗa su gefe da gefe, wanne ke ƙara bolt wanne ke ƙara amfiya, wato ma'aunan wutar lantarki, karanta mita, sunayen kayan aiki, dokokin kariya. Misali in ce musu ga gida mai ƙwan fitila 5 kowanne wat 10 ana kunna su awa 6, nawa suke ci a rana, su lissafa su samu wat-awa 300, daga nan a hau maganar girman batir. Irin waɗannan tambayoyin manhajar ke duba su da kanta ta ba da maki, ba ruwana, kuma na tara su da yawa a rumbun tambayoyi tana zaɓo wa kowa nasa daban, wanda ya faɗi ya sake. Jarrabawar kariya kuwa na ɗaure ta, wanda bai ci ba ba ya shiga wurin aiki ranar haɗuwa. Amfanin da na gani shi ne da, rabin ranar haɗuwa a surutu take tafiya, yanzu suna zuwa sun riga sun san me za a yi, sai a kama aiki kai tsaye.

Wannan ya amsa miki maganar yawan dubawa ma. Abin da yake da amsa ɗaya ki bar wa na'ura, ke ki ajiye ƙarfinki ga aiki ɗaya a sati wanda sai idon mutum. Ki rubuta ma'auni tun farko, abubuwa huɗu ko biyar da kike dubawa, kowanne da matakansa, Moodle tana da shi Google Classroom ma tana da shi, sai dai ki danna ki danna ki ƙara 'yar magana. Ɗaliban ma ki nuna musu ma'aunin kafin su fara. Kuma kar ki ɗauki rukunin da ya fi abin da za ki iya dubawa, gara ki yi rukuni biyu a jere.

Tsakanin haɗuwa da haɗuwa ina sa su turo ɗan bidiyon minti 1 ko 2 na hannunsu yana aikin da ba shi da haɗari, kamar auna batir da mita, su faɗi sunansu su faɗi me suke yi da dalili, gani ya kori ji. Amma satifiket sai an yi gwajin ƙarshe a gabana.

Inda na saɓa da Ɗan_Kwamfuta shi ne, mutum uku da ba su taɓa yi ba ni ba zan ce su fara da kama sabar ba. Ku gwada kwas ɗaya, rukuni ɗaya, a abu mafi sauƙi, ku ga inda ɗalibanku ke tuntuɓe tukuna.

Ɗan_Kwamfuta ya rubuta:

Yaya Mai_Sola ban ƙi taka ba, gwaji da rukuni ɗaya shi ne daidai. Abin da ya sa na nace shi ne wannan ɗaure jarrabawar kariyar da ka ce kana yi da rumbun tambayoyin da ke zaɓo wa kowa nasa, a Moodle suna nan a shirye, a Classroom kuwa sai dai ka bi da hannu. Amma kwas ɗin Malama na Excel kam zai tafi a kowacce.

Malama shawara ɗaya, ko wacce kika ɗauka ki ajiye asalin bidiyoyinki da takardunki da tambayoyinki a wurinki a jere sati-sati, ranar da za ki ƙaura ba za ki fara daga farko ba. Satifiket kuma a Moodle akwai wani ƙari da ake girkawa mai suna Custom certificate, yana buga wa kowace takarda lambarta, mai ɗaukar aiki ya shigar da lambar a shafinku ya tabbatar ta gaske ce, kuma kina iya kulle ta har sai malami ya sa makin gwajin hannu da kansa. Sannan tunda lissafin kasuwancin mutane da lambobin wayarsu za su zauna a ciki, ku uku kowa ya riƙe akawun ɗinsa, kar ku yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, kuma aikin ɗalibi kar ya zama a inda sauran ɗalibai ke gani.

Malamar_Lissafi ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. 'Yar'uwa Ɗalibar_Dare maganarki na karanta ta sau biyu, akwai wata baiwar Allah a rukunin da ya wuce da ta ɓace a sati na uku ban neme ta ba, yau insha Allahu zan kira ta in ce ta dawo cikin sabon rukuni.

Mun zauna da abokan aikina ɗazu, mun tsaya a kan ni zan fara da nawa kwas ɗin, su su ga yadda ta kaya. Na riga na rubuta aikin ƙarshe kamar yadda Baba ya ce, na ga darussa kusan biyar da ba su da wurin zama, zan sake naɗar sauran gajeru a waya, ranar farko kuma zaman shiga manhaja ne kawai tare da kowa. Mai gyaran wayar ya ce in dai gwajin ƙarshe a gabansa za a yi to ya yarda ya fara haɗa tambayoyin kariya.

Ɗan_Kwamfuta saura tambaya ɗaya, wancan fayil ɗin na CSV da ka ce, me da me zan rubuta a kan ginshiƙan, kuma wanda ba shi da imel kwata-kwata ya zan yi da shi?

Ɗan_Kwamfuta ya rubuta:

Ginshiƙi huɗu ne dole Malama, sunan shiga, sunan farko, sunan ƙarshe da imel, kuma da Turanci ake rubuta kawunansu yadda Moodle ta tsara, username, firstname, lastname, email, duk da ƙananan baƙaƙe ba tazara. Ki ƙara password in ke za ki ba su kalmar sirrin farko, da course1 ki sa gajeren sunan kwas ɗin don su faɗa ciki kai tsaye. Ki kula da Excel, yana cinye sifirin farkon lambar waya in ba ki mayar da ginshiƙin na rubutu ba kafin ki shigar. Marasa imel kuma akwai saitin da ke ba da dama akawun da yawa su yi amfani da imel ɗaya, sai ki sa na cibiyarku, amma duk wanda ya manta kalmar sirri a cikinsu ke za ki canza masa da hannu. Ki fara gwadawa da suna biyu kafin ki ɗora na kowa, in ya ƙi ki turo hoton abin da ya rubuta miki in duba.